Kwatancen babbar panda da shak mai anini

Babbar panda (Ailuropoda melanoleuca) dabba ce mai shayarwa daga dangin beyar, wadda ke rayuwa a dazuzzukan gora na tsaunukan tsakiyar ƙasar Sin. Shak mai anini (Hemiscyllium ocellatum) kuwa ƙaramin kifi ne daga rukunin kifayen shak masu zanen darduma, yana zaune a ruwa mara zurfi a kan tuddan murjani na arewa maso gabashin Ostiraliya. Babu dangantaka ta kusa tsakanin dabbobin biyu, domin zuriyar kifaye masu guringuntsi ta rabu da zuriyar da dabbobi masu shayarwa suka fito daga cikinta fiye da shekara miliyan 420 da suka wuce. Duk da haka sun yi tarayya a abu uku. Kowannensu ya kama wani ƙuntataccen mazauni da sauran danginsa ba sa iya cin moriyarsa, kowannensu ya mayar da wata gaɓa da ya gada zuwa wani sabon aiki, kuma kowannensu yana rayuwa ne ta hanyar tattalin ƙarfin jiki. Wannan ƙwarewa ita ce ta ba su wurin zama, kuma ita ce ta ɗaure makomarsu da makomar gora da murjani.

Rarrabuwa da suna

Masana sun shafe fiye da ƙarni guda suna saɓani kan dangin da panda ta fito. Wasu sun haɗa ta da jar panda, wata ƙaramar dabba mai dogon wutsiya da aka bayyana tun 1825, saboda ita ma tana cin gora. Binciken ƙwayoyin gado da aka yi daga 1985 ya tabbatar da cewa babbar panda beyar ce, kuma reshenta ya rabu da na sauran beyar kimanin shekara miliyan 19 da suka wuce. A 2005 an ware pandar tsaunukan Qinling a matsayin ƙaramin nau'i na daban, kuma a cikinta ne ake samun 'yan ƙalilan masu launin ƙasa-ƙasa maimakon baƙi.

Shak mai anini yana cikin rukunin Orectolobiformes, wanda ya ƙunshi nau'i sama da 40. An laƙaba wa rukunin sunan darduma ne saboda zane-zanen da ke jikin yawancin kifayensa. A cikinsa ne ake samun kifin da ya fi kowane kifi girma a duniya, wato Rhincodon typus, wanda tsawonsa kan wuce mita 12. Dangin shak mai anini, Hemiscylliidae, an san shi a Turance da sunan da ke nufin shak na gora, sai dai gora ba ta cikin abincinsu ko mazauninsu. Sunan nau'in kansa ya samo asali ne daga babban ɗigon baƙi mai farin zagaye da ke bayan kowane fiffikensa na gaba, wanda ya yi kama da alamar muƙami a kafaɗar hafsan soja. Jinsin Hemiscyllium yana da nau'i tara da aka amince da su, dukkansu a ruwan arewacin Ostiraliya da tsibirin Niyu Gini da gabashin Indonesiya. Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa jinsin ya ɓalle daga danginsa kimanin shekara miliyan 9 da suka wuce, wanda hakan ya sa yake cikin sababbin rassan zuriyar shak.

Siffar jiki

Tsawon baligar panda yana kamawa daga mita 1.2 zuwa 1.9, nauyinta kuma galibi tsakanin kilo 70 da 125, namiji ya fi mace girma. Tana da faffaɗan kai, ƙaƙƙarfan muƙamuƙi da manyan turame masu faɗi da take niƙa gora da su. Gashinta mai kauri ne, yana kare ta daga sanyi da raɓar tsaunuka. Kamar sauran dabbobi masu shayarwa, jikinta ne ke samar da ɗumin kansa.

Shak mai anini siriri ne, tsawonsa galibi santimita 70 zuwa 90, mafi tsawon da aka auna kuwa santimita 107. Fiye da rabin tsawon nasa wutsiya ce. Ba shi da ƙashi, guringuntsi ne ke riƙe da jikinsa, kuma zafin jikinsa yana bin na ruwan da yake ciki. Yana da gajeren baki a gaban idanu, da 'yan gajerun gashin baki a kusa da hanci, da wata kafa a bayan kowane ido wadda yake zuƙar ruwa ta cikinta. Wannan kafa ce ke ba shi damar yin numfashi yana kwance a ƙasan ruwa, saɓanin wasu manyan shak da dole sai suna iyo suke samun iska.

Dukkansu biyu suna da fitattun alamun baƙi da fari. Wani nazari da masanin dabbobi Tim Caro ya jagoranta a 2017 ya kawo bayanin cewa farin jikin panda yana ɓoye ta a cikin dusar ƙanƙara, baƙin ƙafafunta yana ɓoye ta a inuwar daji, baƙin kunnuwa da na zagayen ido kuwa na isar da saƙo ne ga maƙiya da 'yan uwa. Ɗigon kafaɗar shak kuwa ana ɗaukarsa a matsayin idon bogi, wanda ke sa mafarauci ya zaci yana fuskantar dabbar da ta fi haka girma.

Mazauni

A da panda ta bazu a kudanci da gabashin Sin har zuwa arewacin Myanmar da Vietnam. Yanzu ta taƙaita a larduna uku, Sichuan da Shaanxi da Gansu, a jerin tsaunuka shida: Qinling, Minshan, Qionglai, Daxiangling, Xiaoxiangling da Liangshan. Tana zama a tsayin da ya kama daga kimanin mita 1,200 zuwa sama da 3,000, inda gora ke tsirowa a ƙarƙashin manyan itatuwa. Ba ta yin dogon barcin hunturu irin na beyar na ƙasashen arewa, domin gora ba ta ba ta kitsen da za ta dogara da shi. Maimakon haka takan gangaro ƙasa da sanyi, ta hau sama da bazara tana bin sabon tohon gora.

Babban mazaunin shak mai anini shi ne jerin tuddan murjani na Great Barrier Reef da ke gaɓar jihar Queensland, wanda tsawonsa ya kai kimanin kilomita 2,300. Ana iya samunsa har zurfin mita 50, amma ya fi yawa a shimfiɗar murjani, inda wani lokaci ruwa da ƙyar yake rufe bayansa. Idan teku ta janye, shimfiɗar takan rarrabu zuwa ƙananan kududdufai. A irin wannan lokaci manyan kifaye masu farauta sukan koma ruwa mai zurfi, shi kuwa ya tsaya ya ci abin da ya maƙale. Ba ya yin doguwar tafiya, kuma ruwa mai zurfi shinge ne a gare shi, kamar yadda gonaki da tituna suka zama shinge tsakanin garkunan panda.

Gaɓoɓin da suka sauya aiki

Panda tana da yatsu biyar a ƙafar gaba kamar kowace beyar, sannan tana da wani abu na shida mai kama da babban yatsa. Wannan ba yatsa ba ne na gaskiya, wani ɗan ƙashi ne na wuyan hannu da ya yi girma, nama ya lulluɓe shi. Da shi take matse sandar gora a tafin hannu yayin da take zaune tana ɓare ta da haƙora. Masanin halittu Stephen Jay Gould ya sanya wa wani littafinsa na 1980 sunan wannan yatsa, inda ya kawo shi a matsayin misalin yadda halitta ke aiki da abin da ta tarar. A 2022 an wallafa bayanin wani ƙashi da aka tono a yankin Zhaotong na lardin Yunnan, na wata kakar panda mai suna Ailurarctos da ta rayu shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce. Nata yatsan ya fi na pandar yau tsawo. Masu binciken sun bayyana cewa yatsan bai ci gaba da tsawo ba ne saboda dabbar tana taka shi idan tana tafiya, don haka ya tsaya gajere mai ɗan lanƙwasa.

Shak mai anini ya yi irin wannan sauyi da fukafukansa huɗu, biyu na gaba da biyu na ciki. Suna da faɗi da kauri, tsokarsu ta fi ta sauran ƙananan shak ƙarfi, kuma guringuntsin da ke cikinsu a sake yake, ta yadda kifin zai iya juya su ya dogara a kansu. Yana tafiya ne yana lanƙwasa jiki hagu da dama kamar ƙadangare, yana tura ƙasa da fukafukan ɗaya bayan ɗaya. Ya iya iyo, amma ya fi amfani da shi wajen gudun hatsari. Da wannan tafiya yake kutsawa cikin ramukan murjani, har ma ya tsallaka busasshen wuri daga wannan kududdufi zuwa wancan. Shi ya sa ake kiran dukkan nau'o'in jinsin da shak masu tafiya.

Abinci

Kimanin kashi 99 cikin 100 na abincin panda gora ce, ganyenta da sandarta da tohonta. Amma hanjinta gajere ne irin na dabba mai cin nama, ba ta da tumbi mai ɗakuna irin na saniya, don haka abin da take narkarwa bai kai kashi 20 cikin 100 na abin da ta ci ba. Tana cike giɓin ne da yawan ci. Takan ci kilo 12 zuwa 38 a rana, gwargwadon ɓangaren gorar da ta samu, ta shafe awa 10 zuwa 16 tana ci, ta kuma yi kashi har sau 40. Binciken ƙwayoyin gadonta ya nuna cewa ƙwayar Tas1r1, wadda ke sa harshe ya ji ɗanɗanon nama, ta daina aiki a jikinta kimanin shekara miliyan 4 da suka wuce. Wani nazari na 2019 kuma ya gano cewa saboda tana zaɓen toho da ɗanyen ganye, kusan rabin ƙarfin da take samu daga furotin yake, kwatankwacin abin da ake gani a dabbobi masu cin nama.

Shak mai anini bai bar cin nama ba. Abincinsa tsutsotsin teku ne da ƙaguwa da ƙananan halittu masu ɓawo da 'yan kifaye. Ƙanana sun fi cin tsutsa, manya sun fi cin ƙaguwa. Ya fi fita nema da magariba da asuba da lokacin janyewar ruwa. Yana gano abin da ya ɓuya a yashi ta hanyar sansana da kuma wasu ƙananan kafofi a kansa masu jin ɗan lantarkin da jikin halitta mai rai ke fitarwa. Yakan cusa baki cikin yashi ya zuƙo abincin, ya fitar da yashin ta kafofin numfashi. Saɓanin yawancin shak, yana tauna abinci na wasu mintuna, kuma haƙoransa suna iya kwantawa su zama shimfiɗar fasa ɓawo.

Tattalin ƙarfin jiki

A 2015 mujallar Science ta wallafa awon da aka yi wa pandoji na daji da na tsare, wanda ya nuna cewa ƙarfin da panda ke ƙonawa a rana kimanin kashi 38 cikin 100 ne kacal na abin da ake tsammani daga dabba mai shayarwa mai irin nauyinta. Ƙwaƙwalwarta da hantarta da ƙodarta ƙanana ne idan aka kwatanta da na sauran beyar, sinadaran tayirod na jininta kaɗan ne, kuma tana tafiya a hankali, tana yawan hutawa.

Abin da shak mai anini yake tattali kuwa iskar oksijin ce. Idan ruwa ya janye da dare, murjani da sauran halittun kududdufi suna ci gaba da shaƙar iskar da ke ruwan, har ta ragu da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Gwaje-gwajen da aka yi da kifayen tsibirin Heron sun nuna cewa shak ɗin yana jure wannan hali na awoyi, kuma yana iya rayuwa awa guda a ruwan da babu oksijin kwata-kwata, a zafin da ya kai digiri 30, ba tare da ƙwaƙwalwarsa ta lalace ba. A lokacin bugun zuciyarsa da numfashinsa suna raguwa, jijiyoyin jini suna buɗewa don jini ya isa ƙwaƙwalwa da zuciya, wasu sassan ƙwaƙwalwar kuma suna rage aiki. Wasu kunkuru da kifayen ruwan sanyi sun fi shi daɗewa ba iska, amma su a cikin tsananin sanyi suke yin haka, lokacin da jiki ba ya buƙatar iska sosai. Saboda wannan ne masu binciken shanyewar ɓarin jiki suka nuna sha'awar nazarinsa.

Haihuwa

Macen panda tana neman namiji sau ɗaya ne a shekara, tsakanin Maris da Mayu, kuma lokacin da za ta iya ɗaukar ciki bai wuce awa 24 zuwa 72 ba. Goyon ciki yana ɗaukar kwana 95 zuwa 160, domin ƙwan yakan jinkirta kafin ya manne da mahaifa. Jaririn yana zuwa makaho, kusan ba gashi, da nauyin giram 90 zuwa 130, wato kimanin ɗaya bisa 900 na nauyin uwarsa. Ana yawan haifar tagwaye, amma a daji uwa ɗaya take iya rainowa. Ɗan yana zama tare da ita wata 18 zuwa shekara biyu, don haka galibi haihuwa ɗaya take yi a shekara biyu. A daji panda kan yi shekara 15 zuwa 20. Wata mai suna Jia Jia ta mutu a Hong Kong a 2016 tana da shekara 38.

Shak mai anini ƙwai yake yi. A daji mace tana ajiye ƙwai bibbiyu kusan duk mako biyu, daga Agusta zuwa Disamba. Kowane ƙwai yana cikin wata jaka mai tauri mai tsawon kimanin santimita 10, kuma da ta ajiye shi a tsakanin murjani ba ta sake komawa kansa. Ɗan yana fitowa bayan kamar wata huɗu da tsawon santimita 14 zuwa 16, ya fara neman abinci da kansa. Girmansa a hankali yake, ba ya balaga sai ya kai santimita 54 zuwa 64, abin da kan ɗauki kimanin shekara bakwai. A Agustan 2023 gidan namun daji na Brookfield da ke kusa da Chicago a Amurka ya samu ɗan shak mai anini daga ƙwan wata mace da ba ta zauna da namiji ba tun zuwanta gidan a 2019.

Tarihinsu da mutane

Masanin halittu ɗan Faransa Pierre Joseph Bonnaterre ne ya bayyana shak mai anini a 1788. Panda kuwa Turai ba ta san da ita ba sai a 1869, lokacin da wani limamin Katolika ɗan Faransa, Armand David, ya ga fatarta a yankin Baoxing na Sichuan. A 1936 Ruth Harkness ta kai jaririn panda mai suna Su Lin Amurka, aka ajiye shi a wancan gida na Brookfield. A 1961 ƙungiyar WWF ta ɗauki hoton panda a matsayin tambarinta. Bayan ziyarar Shugaba Richard Nixon a 1972, Sin ta bai wa Amurka kyautar Ling-Ling da Hsing-Hsing. Daga 1984 aka koma bayar da aro maimakon kyauta, kuma gidajen namun daji na ƙetare sukan biya kimanin dala miliyan ɗaya a shekara kan namiji da mace. Shak mai anini bai samu irin wannan suna ba. An fi saninsa a gidajen ajiye halittun ruwa, inda yake hayayyafa cikin sauƙi, da kuma ɗakunan bincike.

Matsayin kariya

Ƙidayar ƙasa ta shekarun 1980 ta samu panda kimanin 1,100 a daji. Ƙidaya ta uku ta samu 1,596, ta huɗu kuma da aka sanar a 2015 ta samu 1,864. A 2016 ƙungiyar IUCN ta sauke panda daga jerin dabbobin da ke cikin hatsarin ƙarewa zuwa na masu rauni, hukumomin Sin ma suka yi haka a 2021. An cimma wannan ne ta hanyar hukunta masu farauta, hana sare dazuzzukan yankin daga 1998, da kafa gandun kariya, ciki har da na Wolong da aka buɗe a 1963. A Oktoban 2021 aka haɗe da yawa daga cikinsu a babban gandun panda na ƙasa, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 22,000. Pandojin da ke tsare sun haura 700 a 2023.

IUCN ta sanya shak mai anini a jerin waɗanda ba a damu da su sosai ba, saboda yana da yawa, masunta ba sa nemansa, kuma mafi yawan mazauninsa yana cikin gandun teku da Ostiraliya ta kafa a 1975. Wasu 'yan uwansa na Niyu Gini da Indonesiya, masu ƙananan yankuna, suna cikin jerin masu rauni. A 2023 Indonesiya ta ba nau'i shida da ke ruwanta cikakkiyar kariyar doka.

Barazanar da ke gaba

Ƙidaya ta huɗu ta nuna cewa pandojin daji sun rarrabu gida 33, kuma da yawa daga cikinsu ƙanana ne ƙwarai. Wannan yana da hatsari saboda ɗabi'ar gora, wadda kowane nau'inta kan yi fure lokaci guda bayan shekaru masu yawa, sannan ya bushe gaba ɗaya. A da panda takan ƙaura zuwa wani kwari mai wani nau'in gora, amma inda gonaki suka tare hanya sai yunwa ta kama ta, kamar yadda ya faru a Minshan a tsakiyar shekarun 1970 da Qionglai a 1983. IUCN ta kuma yi gargaɗin cewa sauyin yanayi zai iya shafe fiye da kashi 35 cikin 100 na dajin gorar panda a cikin shekara 80. Kariyar da panda ta samu ta amfani tsuntsaye da ƙananan dabbobin da ke zaune tare da ita, amma wani bincike na 2020 ya gano cewa tun daga shekarun 1960 damisa ta ɓace daga kashi 81 cikin 100 na gandun panda, kyarkeci kuma daga kashi 77, domin su fili mai faɗi suke buƙata.

Barazanar shak mai anini ɗumamar teku ce. Murjanin Great Barrier Reef ya yi mummunar koɗewa a 1998, 2002, 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. A wani gwaji da aka wallafa a 2021, wanda masu bincike na Jami'ar James Cook suka shiga, an rena ƙwai a zafin digiri 27 da 29 da 31. Na digiri 31 sun cinye gwaiduwarsu da wuri, sun ƙyanƙyashe a kimanin kwana 100 maimakon 125, kuma sun fito ƙanana da rauni. Wani bincike na 2023 ya gano cewa saurin sauyawar ƙwayoyin gadon wannan kifi shi ne mafi ƙanƙanta da aka auna a dabba mai ƙashin baya zuwa lokacin, wanda ke nufin idan yawansa ya faɗi zai daɗe kafin ya dawo da bambancin gadon da ya rasa. Ana iya kafa gandu a hana sare daji ko kamun kifi, kuma hakan ya yi aiki ga dabbobin biyu, amma iyakar gandu ba ta hana zafi isa ga gora a kan tsauni ko ga ƙwai a cikin murjani.